Faifan birki da awonsa: daga filin tsere zuwa hanyar Falgore

Akwai wata doka a duniyar tseren motoci wadda duk wanda ya fara jin ta sai ya zaci mai ba da labarin ne ya juya maganar. Dokar ta ce wanda zai shiga gasar tsofaffin motoci, irin waɗanda aka yi yayinsu shekara arba'in ko hamsin da suka wuce, ba shi da izinin sa wa motarsa faifan birkin da ya fi wanda aka san irinta da shi a zamaninta faɗi ko kauri. Mutum da kuɗinsa, da motarsa, da ransa, ya ce zai ƙara wa birkinsa ƙarfi, alƙalan gasa su ce ba su yarda ba. In ya nace, su ce ya koma gida da abarsa, ko kuwa su mayar da shi wani rukuni dabam na motocin da aka sauya wa kama.

Na daɗe ina juya wannan doka a raina, kuma ra'ayina shi ne tana kan daidai. Na kuma lura cewa hikimar da ke bayanta ta fi shafar mu, mutanen Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, fiye da yadda ta shafi masu ita. Mai karatu ya yi mini haƙuri, zan bi da shi ta Faransa da Sahara kafin mu iso Kwanar Ɗangora, amma can ɗin za mu sauka.

Bari mu fara da faifan kansa, saboda ɗalibai da sauran waɗanda ba su taɓa leƙa bayan taya ba. Idan bakanike ya kwance ƙafar mota ta gaba, abin da za a gani shi ne wani zagayayyen ƙarfe mai sheƙi, kamar faifan rufe ƙwarya, wanda ke juyawa tare da taya. A gefensa akwai wani matsi mai kama da baki, da takalman birki guda biyu a cikinsa. Direba na taka birki, sai man birki ya bi ta siririn bututu ya tura takalman nan, su damƙe faifan ta ciki da ta waje. Wannan gogayya ita ke tsayar da mota. Gudun da motar ke yi kuwa ba ɓacewa yake yi ba, rikiɗa yake ya zama zafi, zafin ya shige cikin faifan, iska ta riƙa kwashe shi a hankali.

Daga nan za a gane dalilin da ya sa girman faifai ya zama abin magana. Faɗinsa shi ke ba birki ƙarfin riƙo, kamar yadda sifana mai dogon hannu ta fi gajeruwa sauƙin kwance noti. Kaurinsa da nauyinsa kuma su ke ba shi juriyar zafi, kamar bambancin tukunyar ƙarfe mai kauri da gwangwanin madara a kan murhu ɗaya. Kuma zafin ba ɗan kaɗan ba ne. Motar da nauyinta da na abin da ta ɗauka ya kai kilo 1,500, tana gudun kilomita 100 a awa, tsayar da ita sau ɗaya tak yana haifar da zafin da zai kai ruwa kusan lita biyu ga tafasa, a cikin 'yan daƙiƙoƙi, kuma mafi yawansa faifayen gaba biyu ne ke shanye shi. In aka ninka nauyi, zafin ya ninka. In aka ninka gudu, zafin ya ninka sau huɗu. Wannan lissafi ba ya sauyawa don direba gwani ne, ko don yau ranar kasuwa ce.

Dabarar tsohuwa ce. Wani injiniya ɗan Ingila, Frederick Lanchester, ya yi rajistar irinta tun 1902, amma sai da motar Jaguar ta ci gasar Le Mans ta Faransa da birki mai faifai a 1953 sannan duniya ta waiwaye ta. A 1955 kamfanin Citroën ya fito da motarsa DS da irin wannan birki a ƙafafun gaba, daga nan ya bazu zuwa motocin gama-gari, ya riƙa ture tsohon birki mai ganga, wanda har yanzu ake samu a ƙafafun baya na ƙananan motoci da yawa. A riƙe sunan DS ɗin nan, za ta sake fitowa.

Hukumar da ke kula da wasannin motoci ta duniya, wato FIA, wadda aka kafa a 1904 take da mazauni a Faris, tana da wani sashe a kundin dokokinta da ake kira Rataye na K. Shi ne ya tanadi ƙa'idojin gasar motocin tarihi. An rarraba motocin zuwa zamuna, kowane zamani da harafinsa, tun daga A, wato motocin da aka ƙera kafin 1905. Jigon dokar ɗaya ne: mota ta fito fili a irin siffar da ire-irenta suka yi takara da ita a zamaninsu. Hujjar kuwa a rubuce take. A wancan lokaci, kafin kamfani ya shigar da wata ƙira gasa, sai ya nuna ya ƙera adadin da aka gindaya na sayarwa ga jama'a. A shekarun 1970, Rukuni na 2 yana bukatar mota 1,000 cikin wata goma sha biyu, Rukuni na 4 kuma mota 500, daga baya aka rage zuwa 400. Sannan a cike takardar shaidar ƙira, a rubuta komai da awonsa, har da faɗin faifan birki da kaurinsa a milimita. Waɗannan takardu suna nan a adane. Yau wanda ya mallaki irin wannan mota yana neman mata wani fasfo na musamman mai ɗauke da hotunanta da awon kayanta, wanda ke aiki tsawon shekara goma. Kafin a tashi gasa masu bincike su duba mota, su gwada da abin da ke cikin fasfon. In suka yi shakka, a kwance taya a sa ma'auni.

To, me ya sa za a hana mutum gyara birki? Wannan tambaya tana da nauyi, kuma masu yin ta ba wawaye ba ne. Suna cewa ai ran direba ya fi tarihin ƙarfe daraja. Amsar farko ita ce dokar ba ta hana kare rai ba. Ana tilasta wa tsofaffin motocin nan kejin ƙarfe na kariya a ciki, da bel na zamani, da abin kashe gobara. A birkin ma an yarda a raba hanyar mai gida biyu, domin in ɗaya ta fashe ɗayar ta riƙe, an kuma bar wa mai mota zaɓin irin takalman birkin da zai sa. Abin da aka kulle shi ne girman faifai da siffar matsinsa.

Amsa ta biyu ita ce ta fi burge ni. Faifan birki ba shi kaɗai yake zaune ba. A cikin wili yake, kuma ba zai iya fin wilin faɗi ba. Motar Ford Escort ta shekarun 1970, wadda ta yi suna ƙwarai a tsere, da wili mai inci 13 aka san ta. Wanda ya sa mata babban faifai sai ya nemi babban wili. Babban wili ya jawo faffaɗar taya, faffaɗar taya ta ƙara kama ƙasa, ƙarin kamun ya sa direba ya daina taka birki da wuri, ya shiga kwana da gudun da ba a ƙera gangar jikin motar dominsa ba. Sai a ƙarfafa sifirin, a ƙarfafa gatari, a ce tunda birki ya samu bari a ƙara wa inji ƙarfi. Kafin a ankara, abin da ya rage na tsohuwar mota shi ne fenti da suna, gudunta kuwa na zamani ne, a cikin jikin da ya shekara hamsin. Ga shi kuma gasar ta koma ta mai kuɗi, domin wanda ya fi iya sayen kaya shi ke cin kofi. Masu wannan wasa sun taɓa ganin inda sakin linzami ke kai mutum. A 1982 aka buɗe Rukunin B, wanda mota 200 kawai kamfani ke bukatar ƙerawa, aka kuma sassauta ƙa'idoji, motoci suka yi ƙarfin da ya wuce hanyoyin da suke bi. A watan Mayun 1986 direba Henri Toivonen da abokin tafiyarsa Sergio Cresto suka halaka a gasar tsibirin Kosika, aka soke rukunin daga ƙarshen wannan shekara.

Akwai kuma abin da masu son babban faifai kan manta. Abin da ke tsayar da mota a ƙarshe shi ne kamun da taya ta yi wa ƙasa. Muddin birki na iya kulle taya, ƙara masa girma ba zai rage tazarar tsayawa a taku na farko ba. Amfaninsa yana fitowa ne a taku na biyar da na goma, lokacin da ƙaramin faifai ya riga ya ƙoshi da zafi. In kuma aka ƙara wa gaba ƙarfi aka bar baya yadda yake, an ɓata daidaiton da injiniyoyi suka tsara tsakanin ƙafafu huɗu. Abin da dokar ke faɗa a taƙaice shi ne an auna faifan nan ne daidai da nauyin motar, da ƙarfin injinta, da tayarta, kuma wanda ya taɓa ɗaya ya taɓa sauran.

Kada a ɗauka labarin nesa ne da bai taɓa zuwa ƙasarmu ba. A watan Mayun 1974, shekarar da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a nan ƙasar Bebeji, an yi wani gagarumin tsere daga Landan zuwa Munik ta Jamus, albarkacin gasar ƙwallon ƙafa ta duniya ta wannan shekara. Hanyar da aka zana ta ratsa Maroko da Aljeriya, ta keta Sahara ta shiga Nijar, ta sauka har Kano, daga nan ta juya arewa. Birnin Dabo shi ne ƙarshen tafiyar ta kudu. Kuskure a takardar hanya ya ɓatar da mafi yawan masu tseren a cikin hamadar Aljeriya, da yawansu ba su ga Kano ba. Mota goma sha tara ce ta isa Munik, biyar kacal daga cikinsu suka bi hanyar gaba ɗayanta. Wadda ta zo ta ɗaya ita ce Citroën DS, a hannun wasu mutum uku 'yan Ostareliya. Ta biyu da ta uku duka Peugeot 504 ne, kuma mata biyu 'yan Faransa ne suka tuƙa ta biyun. A shekara mai bi mata, 1975, wata 504 ta ci gasar Safari ta Kenya, kuma a wannan shekarar ce masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara aiki, inda aka ci gaba da haɗa 504 har zuwa 2006.

Wato motar da kakanninmu da iyayenmu suka kira Fijo, wadda ta kai amare ɗakunansu ta kai alhazai filin jirgi, tana cikin motocin da ake riritawa yau a gasar tarihi a Turai da Kenya, ana auna faifanta da milimita. Tamu kuwa mafi yawanta ta tafi wajen 'yan gwangwan an sayar a kan sikeli. Ranar da masu shirya tseren motoci na bikin kamun kifi na Argungu suka yi sha'awar buɗe rukunin tsohuwar Fijo, za su sha wuya kafin su tara goma da ke da kayansu na asali. Amma wannan ƙorafi ne na wani makon.

Ga inda maganar ta dawo gida. Akwai wata ƙungiya ta duniya ta masu adana tsofaffin motoci, FIVA, wadda ta ba da ma'anar motar tarihi. Ta ce ita ce wadda ta kai shekara talatin, aka adana ta a siffarta ta asali, kuma ba a amfani da ita wajen zirga-zirgar yau da kullum. Yanzu mai karatu ya tsaya a Kwanar Ɗangora da safe ya dubi motocin da ke lodin Tudun Wada da Doguwa. Golf 3 da ta cika tashoshinmu an fara ƙera ta ne a 1991, mai dogon bayan nan da direbobi suka fi so kuma a 1993. Ta fuskar shekaru, da yawansu sun cika sharaɗin farko. Sauran sharuɗɗan biyu ne muka juya. Motar da a ƙasar da aka ƙera ta za a lulluɓe da mayafi a fito da ita ranar hutu, ita ce a nan take sawu uku ko huɗu a yini, ɗauke da mata da yara da buhunan masara.

A Birtaniya an fara gwajin lafiyar motoci a 1960, kuma abubuwa uku aka fara da su: birki, da fitilu, da sitiyari. Tun daga 2018 sun yafe wa motar da ta haura shekara arba'in wannan gwaji, bisa la'akari da cewa masu irinta ba sa yawo da ita sosai kuma suna kula da ita, amma da sharaɗin ba a yi mata babban sauyi ba. A lura da sharaɗin. Da zarar an sauya mota daga yadda aka ƙera ta, amanar da aka ba awon kamfani ta faɗi, sai an sake dubawa.

Mu kuwa sauyi shi ne sana'armu, kuma ban faɗi haka don raini ba. Bakaniken Kano na iya tayar da motar da Bajamushe ya yanke wa ƙauna. Matsalar ita ce duk sauyin da muke yi gefe ɗaya yake bi. Golf an yi ta ne don mutum biyar, kuma abin da aka yarda ta ɗauka, mutane da kaya, bai wuce kusan rabin tan ba. Mu kan sa biyu a gaba ban da direba, huɗu a baya. Mutum bakwai manya sun kusa cinye rabin tan ɗin nan kafin a ɗora buhu ko ɗaya. Sannan a buɗe but a jera buhu huɗu ko biyar masu kilo ɗari ɗari, a ɗaure da igiya, wani lokaci yaro ya haye sama. Da bayan motar ya fara jan ƙasa sai a kai ta gareji a sa mata sifirin mai ƙarfi a ɗaga ta. In inji ya gaza jan kayan, a je Ƙofar Ruwa a samo wanda ya fi shi. An ƙara nauyi, an ƙara ƙarfi, an ƙara tsayi. Faifan birki yana nan yadda ya baro Jamus, ko ma ya fi haka rama. Alhali kamfanin Volkswagen da kansa bai sa wa dukkan Golf 3 faifai iri ɗaya ba. Masu ƙaramin inji ya ba su mai faɗin milimita 239, masu babban inji ya kai su 280 ko sama da haka. Shi ma ya san awon birki yana bin ƙarfin mota ne.

Ramar faifai ita ce abin da ya fi damuna, domin ido ba ya ganin ta daga waje. Duk takun birki yana cin ɗan wani abu daga jikin ƙarfen. Saboda haka masu ƙera shi suke buga wata lamba a gefensa ko a cibiyarsa, wadda ke nuna mafi ƙarancin kaurin da zai kai kafin a jefar da shi. Tazarar da ke tsakanin sabo da wanda ya ƙare ba ta da yawa, galibi milimita biyu ce ko kusa da haka. A garejojinmu, idan faifai ya yi zane ko ya karkace har sitiyari na rawa in an taka birki, akan kai shi wajen mai injin fere ƙarfe a goge fuskarsa. Yin haka ba laifi ba ne in an tsaya a kan lambar. Sai dai wa ke karanta lambar? A goge sau ɗaya, a goge sau biyu, faifai ya yi sumul yana ƙyalli kamar sabo, alhali ya zama gwangwanin madarar da muka ambata. Wanda aka sayo na Kwatano ma ya riga ya yi rayuwa guda a wata ƙasa kafin ya zo.

Faifan da ya rame yana saurin ɗaukar zafi, ya miƙa shi ga takalman birki su yi santsi, ya miƙa shi ga man birki. Sabon man birki na ƙwarai ba ya tafasa sai zafi ya haura digiri 200. Da ya tsufa ya sha danshi, sai ma'aunin ya sauko zuwa wajen 140 ko 155, gwargwadon irinsa. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa akwai masu zuba ruwan sabulu a madadinsa in ya ƙare a hanya, su kuma bar shi a haka, ruwa kuwa a digiri 100 yake tafasa. Da ya tafasa sai tururi ya cika bututu, direba ya taka birki ƙafarsa ta tafi har ƙasa babu abin da ya riƙe. Akwai masu toshe bututun ƙafar da ke yoyo su ci gaba da tafiya da birkin ƙafa uku. Akwai masu sakin mota ba giya a gangara, har da kashe inji don tsimin mai, ba su san cewa na'urar da ke taimaka wa ƙafarsu matsa birki da numfashin inji take aiki ba, kuma da an taka sau biyu ko uku ta ƙare.

A ɗora duk wannan a kan hanyar da ta tashi daga Kwanar Ɗangora ta bi Tudun Wada ta ratsa dajin Falgore ta nufi Saminaka da Jos, ko wadda ke hawa da sauka a duwatsun Riruwai. Hanya ce ta kwana da gangara, ta garken shanu da ke tsallakawa ba sallama, ta ramin da bai nan a makon jiya. Direba ba sau ɗaya yake taka birki ba, yana takawa ne yana sakewa, irin aikin da muka ce nan ne ƙaramin faifai ke gazawa. Idan abin ya faru sai mu ce birki ya ƙwace, kamar wani doki ne da ya ga dama ya yi tutsu. Wannan kalma tana wanke kowa. Ta wanke mai mota, ta wanke bakanike, ta wanke wanda ya yi lodi. Mun yi imani da ƙaddara, kuma babu mai wuce kwanansa, amma malamanmu ba su taɓa koya mana cewa riƙo da sababi ya saɓa wa tawakkali ba. Birkin da ya ƙwace a Falgore yau, watanni ya yi yana ramewa a gaban mutanen da ba su auna shi ba.

Na san abin da direba zai ce, kuma yana da gaskiyarsa. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, lissafin sawu ya rikice. Ga balas ɗin mai mota, ga kuɗin tasha, ga cefanen gida. In ya ɗauki mutum huɗu kamar yadda littafi ya ce, ko dai ya ninka kuɗin mota fasinja ya gudu, ko ya kwana da yunwa. Manomin Doguwa ma ba shi da wata hanyar kai masararsa kasuwa. Saboda haka ba zan ɓata tawada ina kiran a hana lodi gobe da safe ba, don na san ba za a yi ba, in ma an ce za a yi, sabuwar ƙofar karɓar na goro ce kawai za ta buɗe. Ba kuma ina cewa kowa ya je ya liƙa wa Golf ɗinsa babban faifai ba, masu tsere sun riga sun nuna mana cewa wannan ma ɓarna ce in ba a san abin da ake yi ba. Abin da nake nema ya fi haka sauƙi. Tunda mun san muna ɗora wa birki abin da ya fi ƙarfinsa, mafi ƙarancin abin da ya wajaba a kanmu shi ne ya kasance cikakke kamar yadda aka ƙera shi.

Abin koyi a wurin masu tseren nan shi ne tsarinsu, wato takarda mai ɗauke da awo, da mutum mai ma'auni, da bincike kafin mota ta tashi. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa da aka kafa a 1988, da jami'an VIO, da KAROTA, duk suna da hurumi a kan lafiyar mota, amma aikinsu a bakin titi yake, kuma ba a kwance taya a bakin titi da fasinja a ciki. Jami'i zai iya duba takarda da fitila da taya, ba zai ga kaurin faifai ta bayan wili ba. Inda za a iya wannan aiki shi ne tasha, kuma wadda ke da iko a tasha ita ce ƙungiyar direbobi. Ita ke rubuta layi, ita ke cewa wane ne zai yi lodi, ita ke hukunta wanda ya ɗauki fasinja a waje. Ƙungiyar da ke iya hana mota lodi saboda ba ta biya kuɗin tikiti ba, tana iya hana ta saboda faifanta ya ƙare.

Kayan aikin ma ba sai an yi odarsu daga waje ba. Irin motocin da ke haya a yankinmu ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ba. Kowace iri a yanka mata ɗan ƙarfe mai tsaga, faɗin tsagar daidai da lambar da aka buga a faifanta. A kwance taya, a kankare tsatsar bakin faifan, a gwada a inda takalmi ke ci. In faifan ya shige tsagar, ya ƙare. In ya ƙi shiga, da sauransa. Ba a bukatar karatu, ba a bukatar gardama, mai mota na tsaye yana gani da idonsa. Ɗaliban Kwalejin Fasaha ta Gwamnati da ke Bagauda za su iya yanka irin waɗannan ma'aunai a matsayin aikin aji, malamansu su tabbatar da awon. Kowace mota a ba ta kati, a rubuta irin injin da ke cikinta yanzu, da faɗin faifanta, da ranar da aka auna, da ranar da aka sauya man birki. A maimaita duk wata uku, a liƙa shaida a gilashin gaba inda fasinja zai gani kafin ya shiga.

Za a ce katin ma sayar da shi za a yi. Mai yiwuwa ne a wasu wuraren. Amma awon da aka yi da rana tsaka a tsakiyar tasha, a gaban sauran direbobin da ke jiran layi, waɗanda kowannensu zai so wanda ke gabansa ya fita daga layin, ya fi wuyar saye fiye da takardar da aka buga wa hatimi a ofis. Kishin sana'a da ke tsakanin direbobi shi zai yi gadin ma'aunin, kamar yadda a filin tsere abokin takara ne ke fara kai ƙarar wanda ya ga faifansa ya yi girma.

Ina ba shugabannin tashar Kwanar Ɗangora da ta Tudun Wada shawara su fara da motocin layin Doguwa, kuma su fara tun damina ba ta ɗauke ba. Kwance ƙafa biyu na gaba da aunawa da mayarwa ba zai ci rabin awa ba a hannun yaran gareji biyu. In aka ɗauki mota biyar a yini, kafin masarar kaka ta fara saukowa an gama da layin gaba ɗaya.